Kurna da Kurnar Nasara: Sunan Ya Yi Kama, Dangin Ya Bambanta

Duk wanda ya ratsa titunan GRA a Maiduguri ya sha inuwar maina, wadda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro. Sai dai ba kowa ya san cewa wannan itaciya tana da 'yar'uwa ta jini mai ɗauke da sunan wani gida ba. Ita ce kurnar nasara.

Kurna ta asali, wadda masana tsirrai ke kira Ziziphus spina-christi, 'yar ƙasa ce, kuma dangin magarya. Tana da ƙaya, tana jure fari, yara na tsintar 'ya'yanta su ci, ana kuma sayar da su a kasuwa. Kurnar nasara kuwa, wato Melia azedarach, baƙuwa ce daga nahiyar Asiya, ana dasa ta domin ado da inuwa. Ba ta da ƙaya, furenta ruwan shuɗi-shuɗi ne mai ƙamshi, ganyenta kuma ya fi kusa da na maina, domin danginsu ɗaya.

Me ya haɗa su, ke nan? Kamannin 'ya'ya. Na kurnar nasara ƙanana ne, kewayayyu, rawaya idan sun nuna, sai Bahaushe ya ara mata sunan abin da ya sani, ya liƙa "nasara" don nuna baƙuntarta. Haka ya yi da magaryar kura, amma ita aƙalla dangin magarya ce.

Kama da wane ba ta wane. 'Ya'yan kurnar nasara suna da guba: suna jawo amai da gudawa, idan an ci da yawa kuma suna iya taɓa jijiyoyi, ga mutum da dabba.

Batun ya shafi teburin ma'aikaci kai tsaye. Borno na cikin jihohi 11 da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Ƙasa, wadda dokar 2015 ta kafa, ke aiki a cikinsu. Jami'in da ya rubuta takardar sayen dashe, ko ya fassara ta, ya yar da kalma guda don taƙaitawa, zai iya sa a dasa wata itaciya a madadin wata a harabar makarantar firamare. Maganin abin mai sauƙi ne: a rubuta sunan Hausa cikakke, a biyo shi da na kimiyya.