Takardun ofis suna ƙetare, mabuɗinsu yana aljihun ma'aikaci

Wanda duk ya yi aikin biro shekaru talatin da suka shige ya san inda takarda take kwana. Sakatare ya buga ta, darekta ya sa hannu, a danna mata hatimi, a sa ta cikin dosiye, a kulle dosiyen cikin akwatin ƙarfe. In an neme ta bayan shekara, ko dai tana nan, ko gara ta riga kowa. Yau kuwa, a ofisoshi da yawa na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, musamman bankuna, ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa, takarda ba ta kwana a ofis. Tana kwana cikin abin da masana suke kira gajimare, mabuɗinta kuma yana cikin wayar salular da ma'aikaci ya saya da albashinsa. Daga waɗannan abubuwa biyu ne ƙorafin ma'aikata yake tasowa.

Gajimaren nan ba na ruwan sama ba ne. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, na kamfanoni irin su Microsoft, Google da Dropbox, yawancinsu a Turai, Amurka da Asiya. Sai a shekarar 2019 ne Microsoft ya buɗe irinsu na farko a Afirka, a ƙasar Afirka ta Kudu. A cikin kwamfutar ma'aikaci akwai wata ƙaramar manhaja, kamar OneDrive, wadda aikinta shi ne ta riƙa gwada takardar da ke ofis da wadda ke can nesa. Da an canza ko da harafi ɗaya, sai ta aika, domin su zama daidai. Amfaninta ba a ɓoye yake ba: in an sace kwamfuta ko ta ƙone, aikin bai halaka ba.

Amma waɗanda suka ƙera wannan tsari sun ƙera shi ne bisa zaton cewa wuta ba ta ɗaukewa, rezo kuma ba ya yankewa. A ɗauki misalin mai lissafin kuɗi a Tawa da shugabansa a Yamai, suna aiki kan takardar kasafi guda. Da rana tsaka cikin bazara rezo ya yanke a Tawa. Mai lissafi ya ci gaba da aikinsa bai sani ba, shugaba kuma ya gyara wasu lambobi a can. Sa'ad da rezo ya komo, sau da yawa manhajar ba ta iya rarrabe wadda za a bi, sai ta ajiye duka biyu. OneDrive ya kan liƙa sunan kwamfutar a ƙarshen sunan ɗayarsu, Dropbox kuma ya kan rubuta cewa kwafi ne mai saɓani, tare da kwanan wata. In aka yi haka sau uku ko huɗu, dosiye ya cika da tagwaye. Ranar rahoton ƙarshen wata ba wanda zai rantse a kan wadda aka aika wa masu ba da kuɗi, laifin kuwa ba a ɗora wa manhaja, ana ɗora wa mutum.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyo. Tun 2017 OneDrive yana iya nuna sunan takarda a kwamfuta alhali jikinta yana can ƙetare. In akwai alamar gajimare shuɗi kusa da sunan, ba ta sauka ba. Sai mai alamar kore ce take hannu. Ma'aikacin da ya fita rangadi ƙauye da kwamfutarsa, ya buɗe ta gaban jama'a, sai ya tarar da sunaye jere ba ko ɗaya mai buɗuwa. Haka kuma wanda ya share dosiye don neman fili a kwamfutarsa, in dosiyen na tarayya ne, ya share wa kowa ke nan. Ana iya dawo da shi daga kwandon shara cikin kwana 93 a asusun ofis, kwana 30 a asusun mutum na kansa, amma sai in an lura kafin lokacin ya shige. Manhajar tana kuma ƙin sunan da ke da alamar tambaya, tauraro ko ɗigo biyu, tana ƙin wanda tsawonsa tare da sunayen dosiyoyin da yake ciki ya wuce haruffa 400. Sunayen takardun mulki da faransanci kuwa, kowa ya sani, ba su san gajarta ba.

Ran 14 ga watan Maris 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙasashe da dama suka shiga wahalar sadarwa, har da Nijar da ba ta da teku. A ranar, ofishin da bai ajiye kwafi a gida ba ya gane nisan da ke tsakaninsa da takardunsa.

Sai batun mabuɗi, wanda shi ne ya fi taɓa zuciyar ma'aikata. Kalmar sirri kaɗai ba ta tsare asusu, domin ɓarayi suna karɓe ta da wasiƙun yaudara. Shi ya sa aka ƙara shaida ta biyu. Wata ta kan zo ta gajeren saƙo, amma ana iya sace lambar waya, don haka ofisoshi suka koma ga manhajar tantancewa, kamar Microsoft Authenticator ko Google Authenticator. A siffarta mai sauƙi, wadda aka fitar da ƙa'idarta a 2011, wayar tana haɗa wani sirri da aka ba ta da lokacin agogo, ta fitar da lamba shida mai canzawa kowane daƙiƙa 30. Ba ta bukatar rezo don yin wannan lissafi. Abin da take bukata shi ne agogon waya ya kasance daidai, kuma sau da yawa a nan ne matsalar take sa'ad da lambar ta ƙi karɓuwa. Siffa ta biyu ita ce a aiko da tambaya a wayar, mutum ya danna amincewa. A watan Satumba 2022 wani ɗan kutse ya shiga kamfanin Uber na Amurka ta hanyar damun wani mai yi wa kamfanin aiki da irin wannan tambaya har ya amince. Tun watan Mayu 2023 Microsoft ya tilasta a riƙa rubuta wata lamba biyu da ake gani a kwamfuta. Wannan siffar tana cin intanet, wanda ya kan fito daga aljihun ma'aikaci.

Tsoron ma'aikaci shi ne shugabansa ya ga hotunan iyalinsa da saƙonninsa na WhatsApp. Manhajar tantancewa ita kaɗai ba ta ba shugaba wannan dama. Amma ba a ce ba ta ɗaukar kome ba. Ta Microsoft tana tattara wasu bayanai game da aikinta da wayar, kuma sai an yarda da haka kafin ta fara aiki. In ofis ya kafa sharaɗin a shiga daga wata ƙasa kaɗai, tana iya neman sanin inda wayar take; kamfanin ya ce sunan ƙasa ne kawai ake nuna wa ofis. Ko babu wannan, mai kula da kwamfutocin ofis yana ganin lokacin da aka shiga asusu, da irin na'urar, da kusan wurin da aka shiga. Wanda ya ce yana jinya a Maraɗi, aka ga asusunsa ya buɗe daga wata ƙasa, yana da bayanin da zai yi.

Abin da ya fi nauyi daban ne, ko da yake ana yawan kawo su tare: watau a ce a yi wa wayar rajista ƙarƙashin kulawar ofis, ta manhaja irin Intune. A nan, bisa bayanin Microsoft, ofis ba ya ganin hotuna, saƙonni ko jerin kiran waya, amma yana ganin irin wayar da sunan mai ita, yana iya tilasta a sa mata lambar kulle, yana iya goge abin da ke na ofis, a wasu nau'o'in rajista ma yana iya goge wayar ɗungum. A gidajen da waya ɗaya ce uwargida take kiran ƴan'uwa da ita, yara su duba darasi, a kuma karɓi kuɗi da ita, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ofishin da ya aiko da umurni na layi biyu, bai faɗi wanne daga cikin biyun yake nema ba, shi ya jawo zargi.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2014 cewa kamfanin da ya sa ma'aikaci aiki da wayarsa dole ya biya wani kaso na kuɗin wayar. A Nijar an kafa dokar kare bayanan mutane a watan Mayu 2017, aka sabunta ta a watan Disamba 2022, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP tsaronta. Ginshiƙin irin wannan doka shi ne a sanar da mutum abin da ake tattarawa a kansa da dalilin tattarawar, kada kuma a wuce bukata. Ga manyan jami'ai akwai wata tambayar: dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su, kuma a watan Yuni 2025 wani jami'in Microsoft ya amsa a gaban majalisar dattawan Faransa cewa ba zai iya ba da tabbacin hakan ba zai faru ba.

Hanyar sauƙaƙawa tana nan, ba ta kuma da tsada kamar yadda ake zato. Akwai ɗan mabuɗin ƙarfe da ake sokawa a kwamfuta, irin YubiKey, da wata ƴar na'ura mai nuna lamba shida, waɗanda ofis zai saya ya ba wanda bai yarda a taɓa wayarsa ba. Su dukiyar ofis ne, ana rubuta su a littafin kaya, a karɓe su ranar tafiya.

Ranar tafiyar nan ce ma ba a cika tunawa da ita ba. In aka canza wa jami'i wurin aiki ko ya yi ritaya, takardar miƙa aiki tana lissafa tebur, kujeru, hatimi da mabuɗin mota. Ba kasafai take ambaton cewa asusun da dukan dosiyoyin ofis suke ciki ba ya buɗuwa sai da lambar da ke fitowa a wayarsa ba. Sai magajinsa ya zauna a kujera ran Litinin, kwamfuta ta nemi lamba shida, a shiga neman tsohon jami'i a waya, shi kuwa yana cikin mota tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, lambar da zai karanto tana mutuwa kowane daƙiƙa 30.