Kulob-Kulob Na Taimakon Jama'a: Wa Zai Gaji Dattawa?

Cikin shekarar 1961 ne aka kafa kulob na farko na ƙungiyar Rotary a Nijeriya, kuma ba a Ikko ba, a birnin Kano. Daga wannan kulob ne lauyan nan Jonathan Majiyagbe ya fito, har ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya, daga 2003 zuwa 2004. Amma fa duk wanda ya leƙa taron irin waɗannan kulob-kulob, furfura zai fi gani.

Wannan damuwa ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. An yi shekara da shekaru yawan 'yan Rotary a duniya bai gusa daga kimanin miliyan 1.2 ba, watau gwargwadon masu shiga, gwargwadon masu fita. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin shekara da akan aika wa hedkwata da dalar Amurka ake lissafa shi, taron kuma galibi a babban otal akan yi. Ina saurayin da ya gama bautar ƙasa, yana yawo da takardu ofis-ofis, zai sami wannan hali? In ma ya samu ya shiga, sau da yawa sai a bar shi da jera kujeru, shawara kuwa ta manya ce.

Shugabannin ƙungiyar sun farga. A 2016 suka sassauta dokar taron mako-mako, suka yarda kulob ya riƙa haɗuwa sau biyu a wata. A 2019 kuma aka ɗaga darajar Rotaract, reshen matasa da aka kafa tun 1968, ya zama cikakken ɗan ƙungiya maimakon ɗan rakiya. Daga 2020 aka janye dokar da ke sallamar mutum daga reshen da zarar ya wuce shekara 30.

Lalle gyara ne mai kyau, sai dai akwai abin koyi a gida. Ƙungiyoyin 'yan agaji ba su kukan rashin samari, alhali kuwa ba albashi suke biya ba. Tun ranar da yaro ya sa kaki ake danƙa masa aiki na gaske, ko a filin Idi ko a sansanin alhazai, jama'a na gani. Haka nan yaƙi da shan-inna, wanda Rotary ta ɗaura wa ɗamara a 1985: kafin a tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka cikin Agusta 2020, mata da matasa ne suka bi gida-gida cikin rana da akwatin allura.

A 2025 aka zaɓi Olayinka Babalola na Fatakwal domin ya shugabanci Rotary ta duniya daga 2026 zuwa 2027. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da aka zaɓa wa wannan muƙami, kuma tun yana matashi a Rotaract ya fara.