Kimiyya a Cikin Alƙur'ani: Muhawarar da Ta Girmi Intanet

Duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da irin saƙon nan a WhatsApp: wai wani Bature masanin kimiyya ya ƙare ƙuruciyarsa yana bincike, daga ƙarshe ya gano abin da Alƙur'ani ya faɗa tun ƙarni 14 da suka wuce. Larabawa na kiran wannan fanni i'ijazul ilmi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, zazzafar muhawara a kansa tsakanin malaman Musulunci take, kuma ba ta jiya ba ce.

Imam Gazali na ganin tushen dukkan ilimomi yana cikin Alƙur'ani. Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya ja da masu wuce gona da iri a kan haka cikin littafinsa Muwafaƙat. Hujjarsa ita ce sahabbai sun fi kowa sanin Littafin, amma ba a ji sun tono ilimin taurari ko lissafi daga ayoyi ba. A ƙarni na 20, Ɗanɗawi Jauhari na Masar ya rubuta ƙaton tafsiri cike da zancen tsirrai, dabbobi da falaki, yana zargin Musulmi da sakaci da ayoyi kimanin 750 masu magana a kan halitta. Shaihun Azhar Mahmud Shaltut bai yarda da wannan salo ba, haka ma malama A'isha Abdurrahman, Bintu Shaɗi'i, wadda ta yi wa likita Mustafa Mahmud, mai bin wannan salo, raddi mai zafi a wajajen 1970.

Kasuwar ta buɗe sosai a 1976, lokacin da likitan Faransa Maurice Bucaille ya fitar da littafinsa da ke auna Baibul da Alƙur'ani da ma'aunin kimiyya. Sai kuma Keith Moore, farfesan ilimin sassan jiki a Jami'ar Toronto ta Kanada, wanda ya yi aiki da Shaikh Abdulmajid Zindani na Yaman a kan ayoyin halittar ɗan tayi. A 1984 aka kafa hukuma ta musamman a ƙarƙashin ƙungiyar Rabiɗa a Makka don wannan fanni.

Batun ɗan tayi shi ne aka fi jan zare a kansa. Magoya baya na cewa matakan da Suratul Mu'minun ta jero sun dace da abin da madubin likita ya nuna daga baya. Masu suka kuwa na tunatar da cewa Jalinusu, likitan Girka na ƙarni na 2, shi ma ya kasa girman ɗan tayi mataki-mataki, don haka hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Nidhal Guessoum, masanin falaki ɗan Aljeriya kuma Musulmi mai kishin addininsa, ya ƙara wata damuwar: kimiyya kullum gyara kanta take yi. In an ɗaure aya da nazariyyar bana, baɗi nazariyyar ta rushe, me za a gaya wa yaron da aka gina imaninsa a kanta?

Ga kuma ƙarairayi da suka shige rigar wannan fanni. Labarin cewa ɗan sama jannati Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta, an ƙaryata shi da yawunsa tun 1983, amma har gobe ana jin sa a bakin wasu masu wa'azi. Wani mai suna Rashad Khalifa kuma ya ruɗi jama'a da lissafin lamba 19 a cikin Alƙur'ani, har ta kai shi ga musun ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba saboda sun ɓata masa lissafi, daga baya ya yi da'awar manzanci.

Alƙur'ani ya yi umarni da tunani a kan sama da ƙasa, wannan babu saɓani a kai. Saɓanin yana wajen mai da kowace aya rahoton ɗakin gwaji. Don haka mai karatu, kafin ka tura irin wannan saƙo gaba, ka bincika sunan masanin, da inda aka buga bincikensa, da abin da Ɗabari ko Ibnu Kasir suka ce a kan ayar.