Ilmin Labarin Ƙasa da Ake Karantawa a Jami'a

Wani attajiri ya same ni a zaure cikin damuwa, wai ɗansa ya zaɓi karatun labarin ƙasa a jami'a, shi kuwa yana ganin ɓata shekaru ne. Ga abin da na amsa masa, ko ya amfani waninsa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, wannan fanni ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne Larabawa ke kira jugrafiya, sun karɓo shi daga Yunanawa, musamman littafin Batlimus na Iskandariya. Wajen 830 Halifa Ma'amun ya aiki masana taurari zuwa filin Sinjar, suka auna tsawon daraja ɗaya ta ƙasa, domin a san girman duniya. Sanin alƙibla ma da wannan lissafi ake samunsa.

Abin da ya fi muhimmanci a koya shi ne hanyar bincike. Sharif Idrisi ya yi shekara kamar 15 a Sikiliya yana tambayar matafiya. Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai ya rubuta, abin da suka saɓa ya ajiye, har ya kammala Nuzhatul Mushtaƙ a 1154. Ashe ba haka malaman hadisi ke tace ruwaya ba? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya buɗe Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Takrur, kuma a 1824 Bature Kilafatan ya bar Sakkwato da taswirar Kwara da aka zana masa a can.

Akwai kuma mas'alar da masana suka daɗe suna jayayya a kanta: shin ƙasa ce ke yin mutum? Ibn Haldun, cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya tafi a kan cewa zafi da sanyi na sauya halayen mutane. Waɗansu Turawa suka ɗauki irin wannan magana suka mai da ita hujjar raina mutanen ƙasashen zafi. Na bayansu suka ƙi ta, suka ce ƙasa tana buɗe ƙofofi ne, mutum ke zaɓen wadda zai shiga. Ɗalibin da bai san wannan saɓani ba, duk abin da ya gani a littafi sai ya haɗiye.

A yau ɗalibi yakan haɗa hanya uku: tambayar mazauna wuri, zuwa ya gani da idonsa, da awo da hotunan tauraron ɗan'adam. Da irin hotunan nan aka tabbatar Tafkin Cadi, mai faɗin murabba'in kilomita kamar 25,000 a 1963, ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984. Masu fataucin banda da kanwa sun riga sun gane haka a cinikinsu tun kafin a rubuta.

Saboda haka na ce da attajirin nan ya bar yaro ya yi karatunsa, amma ya hore shi da zama wurin tsofaffin madugai idan ya zo hutu, ya riƙa gwada abin da ke takarda da abin da ƙafa ta taka. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.