Rogo Mai Ɗaci: Gaggawar Sarrafa Shi Ce Ke Kisa

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, kuma a lokacin da hatsi ya yi tsada, gidaje da dama a Arewa suka raja'a ga garin kwaki da alabo da dafaffen rogo da ƙuli. Abinci ne mai riƙe ciki. Sai dai kowane rogo, mai zaƙi da mai ɗaci, yana ɗauke da abin da kan rikiɗe ya zama guba. A yawa ne kawai suka bambanta, kuma ɓawo da ganye sun fi tsokar yawansa.

Masana sinadarai suna kiran abin linamarin. Kamar sauran abubuwan da ke jikin mai rai, a kan ƙwayar kabon aka gina shi, ita da ke iya riƙe abu huɗu a lokaci guda. A nan, sukarin gulukos ne ke ɗaure da wani guntu mai ɗauke da sayanaid, wato kabon ɗaya haɗe da naitirojin ɗaya. Tsiron kuma yana da inzayim, wani furotin mai aikin yanka, da ya ajiye a wani sashe dabam, kamar yadda ba a haɗa fetur da ashana wuri ɗaya. Da zarar an gurza rogo ko ya tsimu a ruwa ya yi laushi, sai su haɗu, inzayim ya yanke sukarin, gubar ta kuɓuce. Ga inda Allah ya yi mana sauƙi: wannan guba tana zama iska ne a ma'aunin zafi 26, abin da ranarmu ke wucewa tun da hantsi.

Ke nan matan da ke ɓare rogo, su gurza, su ɗura a buhu, su danne da dutse kwana uku ko huɗu har ya yi tsami, sannan su soya, ba wahalar banza suke yi ba. Kowane mataki hanya ce ake buɗe wa gubar ta fice. Haka mai alabo da ke jiƙa shi kwanaki kafin ta shanya. Wadda ta ɗauki rogo mai ɗaci ta jefa a tukunya gunduwa-gunduwa kuwa, zafin wuta zai kashe inzayim ɗin tun bai yi aiki ba. Wani kaso na linamarin zai fita a ruwan dahuwa, sauran ya bi loma, ƙwayoyin cikin hanji su kwance shi. Wannan ne mutane da yawa ba su sani ba, suna ganin duk abin da ya hau wuta ya tsira.

Idan sayanaid ta shiga jini, tana toshe inzayim ɗin da ƙwayoyin jiki ke amfani da shi wajen cin moriyar iskar da muka shaƙa. Mutum na numfashi, amma jikinsa a shaƙe yake. Cikin 'yan sa'o'i sai jiri, ciwon kai, amai, haki, wani lokacin jijjiga da suma. Yara sun fi saurin jigata saboda ƙanƙantar jiki.

Hanta tana iya sauya 'yar kaɗan ta zama abin da fitsari zai fitar, amma sai da sinadarin farar wuta da take samu daga furotin: kifi, ƙwai, nama, madara, wake da gyaɗa ma suna agazawa. Shi ya sa masifar ta fi auka wa wanda ba shi da komai sai rogon. A shekarar 1981, lokacin fari a lardin Nampula na Mozambik, sama da mutum 1,000 suka kamu da konzo, shanyewar ƙafafu da ke zuwa farat ɗaya kuma ba ta warkewa. Fari yana ƙara wa rogo guba, yunwa kuma tana hana jiran kwana uku. A nan gida, Farfesa Osuntokun na Ibadan ya danganta wata lalurar jijiyoyi a kudu maso yamma da dogaro da rogo shekara da shekaru. Abin da gubar ke zama bayan hanta ta sarrafa ta ma yana hana maƙogwaro ɗaukar aidin, ya ƙara haɗarin maƙoƙo.

Makiyaya sun san ɗan'uwan wannan bala'i: gyauron dawa da ƙananan tsironta, musamman bayan fari, suna da irin wannan guba, kuma sukan kayar da saniya nan take.

Ƙa'idar duniya ita ce kada sayanaid ta wuce miligiram 10 a kilo ɗaya na garin rogo. Ba wanda zai auna wannan a kasuwa, amma harshe yana taimakawa: rogo ko alabon da ke da ɗaci, a bar shi. Kada a ba yaro ɗanyen rogo ya gaigaya, a zubar da ruwan jiƙo da na dahuwa inda awaki ba za su sha ba. In mutanen gida biyu ko uku suka fara amai da jiri bayan tuwon alabo, kada a tsaya ɗura musu manja ana jiran sauƙi. A garzaya asibiti, a tafi da ragowar abincin, a faɗa wa likita rogo aka ci.