Ba Kowace Cibiyar Da Ta Ce A Biya Kuɗin Koyo Ce Ɓarauniya Ba

Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwa wajen Darini. Bayan an shafa fatiha aka koma gindin bedi ana hira, sai wani dattijo ya kawo kukan ɗansa. Yaron ya gama karatun kimiyyar sinadarai a jami'a, ya yi bautar ƙasa, yau shekara 3 ke nan yana zaune. Ya samu wata cibiya a Katsina da ke koyar da haɗa wutar sola da gyaran famfon burtsatse, aka ce ya biya naira 15,000 na wata 6. Uban ya ce atafau ba zai bayar ba.

"Ɗana," in ji shi, "ai Turawa sun ba su dala don su koya wa yara kyauta. Su ci ta Turawa, su kuma dawo su ci tamu?"

Majalisa ta ɗauka. Wani ya ce shi taron horon da ya taɓa zuwa har kuɗin mota aka ba su, ga shinkafa da kaza. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, wa ya ga takardar dalar nan da idonsa?" Aka yi shiru. Can aka ce, "Ai haka ake faɗa." Wannan "haka ake faɗa" ta ishe ni. Na ji ta a Batsari, na ji ta a Safana, na ji ta a Runka, kuma ita ce ta sa na rubuta wannan faɗakarwa.

Irin cibiyar da ake magana a kai, kasuwanci ne da aka kafa don amfanin al'umma. Tana sayar da aiki ko kaya kamar kowane kamfani, amma ribar tana komawa cikin aikin da aka kafa ta dominsa. Iyakar bayanin ke nan. Mu koma kan zargin.

A ɗauki biro a yi lissafi. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne. Mu ƙaddara cibiya ta ɗauki matasa 20 da malamai 2, ta kuma biya malaman wannan mafi ƙarancin, wanda ko kusa ƙwararren injiniya ba zai karɓa ba. A wata 6 albashinsu kaɗai ya kama 840,000. A raba wa ɗalibai 20, kowane kai ya ci 42,000. Idan kowa ya biya 15,000, abin da ya taru 300,000 ne, bai kai albashin malami ɗaya ba. Ba a zo kan hayar ɗaki ba, ba a sayi faranti ɗaya na sola ba, ba batir, ba waya, ba mitar gwada wuta, ba a kuma lissafa kayan da mai koyo zai ƙona kafin hannunsa ya faɗa ba. To ina satar take? Mai wannan cibiya dole ya fita ya nemo kwangilar haɗa sola a asibiti ko masallaci ko gonar wani, ya cike giɓin da ribar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai batun dalar Turawa. Gaskiya ne wasu cibiyoyin suna samun tallafi daga waje. Amma mai bayarwa yakan ɗaure kuɗinsa da sharaɗi: a sayi kaza, a horar da mutum kaza, cikin wata kaza, a kawo rasit. Ranar da wa'adi ya cika, famfo ya ƙafe. Ba a nesa za mu nemi misali ba. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekarar hukumar USAID ta rufe, ayyuka da dama a Arewa suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Duk ƙungiyar da ba ta da hanyar shigar ko sisi tata ta kanta, da rufewar ta rufe. Ko na gida ma haka yake. Shirin N-Power ya fara a 2016 yana biyan masu digiri 30,000 a wata, a 2020 aka sallami rukuni na farko da na biyu. Wanda ya koyi wani abu ko ya tara jari a tsakani ya tsira. Wanda ya ɗauka albashi ne na har abada, yau yana majalisa yana zagin gwamnati. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ba ni haushi, mun saba da a biya mu kafin mu koya. An lalata mu da kuɗin zama. Matashi zai shiga horo uku a shekara, bai damu da abin da ake koyarwa ba, tambayarsa ɗaya ce: "Nawa za a ba da?" A raba keken ɗinki ko injin ban ruwa ranar yaye ɗalibai, kafin la'asar wasu sun isa kasuwa a rabin kuɗi. Kowa ya san ana yi, har dillalan da ke jira a bakin ƙofa an sani. Sannan mu juyo mu kira wanda ya ce "biya kaɗan, ka koyi abin da zai ciyar da kai" ɓarawo! Yaron da uwarsa ta sayar da akuya ta biya masa kuɗin koyo ba ya fashin zuwa aji, kuma in malami ya yi lalaci yana da bakin yin magana, don da kuɗinsa ya zo.

Wannan tsari kuwa an gwada shi an ga amfaninsa. A garin Madurai na ƙasar Indiya, wani likita mai suna Govindappa Venkataswamy ya buɗe asibitin ido na Aravind a 1976 da gado 11. Mai hali ya biya, a yi wa talaka aiki kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma har yau asibitin na tsaye da ƙafarsa, ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren aikin ido a duniya. A nan maƙwabta, kamfanin Babban Gona da Kola Masha ya kafa a 2012 a jihar Kaduna yana ba ƙananan manoma iri da taki bashi, ya koya musu dabarun noma, su biya bayan girbi. Da bashin da ake biya ne yake ɗaukar matasa aikin duba gonaki, ya kuma ƙara sababbin manoma. Da a ce kyauta yake rabawa, da tuni an manta sunansa.

Mu da muke Musulmi ma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina, mai suna irin na Rumarmu ta ƙasar Batsari, ya bar ta waƙafi. Har gobe akwai gonar dabino a wurin, ana sayar da amfaninta ana yin alheri da kuɗin. Sadakar da take haihuwa ita ce mai nisan kwana.

Kada a ɗauka ina wanke kowa. Akwai macuta, kuma suna da yawa. Akwai masu sayar da fom na 2,000 da sunan tallafi su ɓace. Akwai masu tara yara a otal kwana uku, a ɗauki hoto da riga mai tambari, a kai wa mai ba da kuɗi rahoton an horar da ɗaruruwa. Amma a lura, mafi yawan wannan cuta a inuwar "kyauta" ake yin ta. Saboda haka karɓar kuɗi ko rashin karɓa ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne: bayan wata 6 da yaye ɗalibai, mutum nawa ke cin abinci da abin da suka koya? Kamfanin Andela da aka kafa a Legas a 2014 ya horar da matasa rubuta manhajar kwamfuta yana haɗa su da kamfanonin waje, har gidauniyar mai Facebook ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016. Duk da haka a watan Satumbar 2019 ya sallami kimanin 400 daga cikin sababbin hannu, don masu sayen aikin ƙwararru suke nema. Darasin a fili yake: horon da kasuwa ba ta nema, ko da dala aka yi shi, takarda ce kawai.

Mu kuwa kasuwa na neman masu ilimin kimiyya a ƙofar gidanmu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu noman rani ke komawa famfon sola, kuma in ya lalace sai an jira mai gyara daga birni. Firijin rigakafi a ƙananan asibitoci na son mai kula da shi. Mai rogo a Batsari na son wanda zai nuna masa yadda zai sarrafa shi kafin ya lalace. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, duk shekara suna yaye yara masu ilimin littafi da ke buƙatar 'yan watanni na aikin hannu kafin wani ya yarda ya ba su kayansa. Na san rashin tsaro na bakin dajin Rugu, da rashin wuta, da katse layukan waya da aka yi mana a 2021, duk sun taka rawa a rashin aikin yaranmu; amma wannan zance ne na wata rana.

Ga abin da nake ba iyaye da matasa shawara kafin a biya ko kwabo.

Da farko a nemi lambar rajistar cibiyar ta hukumar CAC, a sa yaro ya duba ta a intanet da wayarsa. Minti biyar ya isa. In aka fara kame-kame, a tashi.

Na biyu, a je wurin da ƙafa, ranar da ba su san za a zo ba. A ƙirga kayan aiki, a ƙirga ɗalibai. In mutum 40 ne ke kewaye da faranti ɗaya, kallo ake koyarwa. Gani ya kori ji.

Na uku, a ce su haɗa ku da mutum 3 da suka gama bara, ku yi magana da su ba a gaban mai cibiya ba. A tambaye su ina suke aiki, nawa suke samu, wa ya ba su aikin farko.

Na huɗu, a tambayi mai cibiya kai tsaye daga ina kuɗinsa ke shigowa, ina kuma yake tafiya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, shi zai fara jawo littafin. Kuɗi kuma a asusun cibiya ake sakawa, ba na wani mutum ba, a karɓi rasit.

Na biyar, a binciki takardar shaidar da za a bayar. Shin tana kai mutum ga jarrabawar NABTEB, ko gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, ko shaidar ƙwarewa da hukumar NBTE ta Kaduna ke kula da ita? Wanda kuma ya ce zai koya wa yaro gwajin jini a wata 3 ya buɗe ɗakin gwaji, zai jefa shi hannun hukuma ne, don wannan aiki sai da lasisin majalisar da ke kula da shi.

Na shida, duk wanda ya haɗa horo da alkawarin aikin gwamnati, ko ya ce ka kawo mutum biyu a ninka maka kuɗi, a guje shi. Mun ga irin wannan a MMM a 2016, mun sake gani a CBEX a 2025.

Na bakwai, in da gaske babu kuɗin, a faɗa. A nemi a biya kashi-kashi, ko a rubuta yarjejeniya yaro ya biya daga aikinsa na farko, da shaidu. Masu hali, da kwamitocin zakka, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, ga wurin sa dukiya: ku biya wa yaro ɗaya, ku kuma riƙa bibiyarsa har ya kama aiki.

Ku kuma masu cibiyoyi, laifinku ne rabin wannan jita-jita. Ku manna lissafinku a bango duk ƙarshen zango: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga adadin waɗanda suka samu aiki, ga waɗanda ba su samu ba. Ku kai wa mai unguwa da liman kwafi. Bakin majalisa ba ya mutuwa sai da takarda.

Ni dai ban san ko waccan cibiya ta Katsina ta gaskiya ce ba, shi ma dattijon bai sani ba, amma ya riga ya yanke mata hukunci, ɗansa kuma ya shiga shekara ta huɗu a gindin bedi. Ya kai mai karatu, in irin wannan magana ta zo majalisarku, kada ka ce sata ce, kada ka ce alheri ne, sai ka taka ka je ka gani. Allah Ya ba yaranmu sana'a mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Ruma da Safana.