Fanshon da Ba Ya Bin Mai Shi Gida

Duk shekara kamfanin Mercer da cibiyar CFA sukan fitar da jerin ƙasashen da tsarin fanshonsu ya fi inganci. A 2023 da 2024 Holan ce ta zo ta ɗaya, Aisilan da Denmak suna biye. Amma awon nasu na ɗan ƙasa ne da zai tsufa a ƙasarsa. Mutumin Gandi ko Goronyo da ya ƙarar da ƙarfinsa a Jidda ko Landan, tambayarsa ɗaya ce: in ya tattara ya dawo gida, kuɗin za su biyo shi?

Ba yau muka fara fita ba. Ƙidayar masu cin rani da R. M. Prothero ya yi nazari a kanta, ta ranin 1952 zuwa 1953, ta nuna fiye da mutum 200,000 sun bi hanyoyin Lardin Sakkwato zuwa neman kuɗi. Kafin nan akwai hijirar bayan yaƙin Burmi a 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa bakin Shuɗin Nilu a Sudan, daga can kuma wasu suka tsallaka Hijaz. Ɗan cin ranin Prothero yana dawowa da faɗuwar ruwan farko. Wanda ya yi gabas kuwa sau da yawa sai tsufa ya cim masa a can.

Shi ya sa in ana zancen fansho a ƙasashe masu arziki, ni Saudiyya nake fara dubawa. Dokar hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, GOSI, ba ta ɓoye komai ba: reshen fansho na 'yan ƙasa ne kaɗai. Da can baƙi suna ciki, aka fitar da su a 1987. Abin da ya rage musu inshorar rauni a wurin aiki ce, wadda mai aiki yake biya wa kashi 2 cikin 100 na albashi. Maimakon fansho sai kuɗin sallama. Sashe na 84 na dokar ƙwadago ya ce rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Sashe na 85 kuma ya rage wa wanda ya ajiye aiki da kansa: sulusi in ya yi shekara biyu zuwa biyar, sulusi biyu in bai kai goma ba.

A ce direba ne, albashinsa riyal 1,500, ya yi shekara talatin a hannun kamfani ɗaya. Lissafin sashe na 84 zai ba shi albashin wata 27 da rabi, wato riyal 41,250, sau ɗaya, shi ke nan. In an canza zuwa naira sai ka ji kamar ya haye. A ciki zai yi rufin ɗaki, ya aurar da 'ya, ya yi wa dangi tsaraba, don ba a dawowa daga Makka hannu rabbana. Shekara ba ta zagayowa sai ka gan shi yana cigiyar mai sayen agogonsa.

Wannan ma mai sa'a ke nan, mai igama (izinin zama) da kafil (mai tsaya masa) da takardar aiki. Takarin da ya shiga da bizar Umara ya zauna, da matar da ta shekara ashirin tana aikatau ko talla a Karantina ta Jidda ko Shara Mansur ta Makka, babu sashen da ya san da zamansu. Haihuwa a ƙasar ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa, don haka jika ma yakan gaji rashin takarda. Sallamarsu ita ce tarhil, wato a kama su a koro su gida, kamar yadda aka gani a kamen 2013 da na 2017, lokacin da aka riƙa sauke mutane a filin jirgin Kano da abin da ke jikinsu.

Ingila tana biya, amma da ƙulli a gindi. Wanda ya yi zubin shekara 35 yana samun cikakken fanshon gwamnati, mafi ƙaranci kuma shekara 10. Ana ƙara kuɗin duk Afrilu. Sai dai jerin da gwamnatin Birtaniya ta wallafa ya nuna ƙarin yana bin mutum ne zuwa ƙasashen Turai da waɗanda aka ƙulla yarjejeniya da su, irin su Amurka, Jamaika da Filifin. Najeriya ba ta ciki. Nas ɗin da ta yi ritaya a 2016 da fam 155.65 a mako ta dawo Sakkwato, har yau abin da take karɓa ke nan, alhali abokiyar aikinta da ta zauna a can ta kai fam 230.25 a Afrilun 2025. Abin dariya, in ta je ziyara Landan sai a biya ta sabon farashi, ranar da ta dawo a mai da ita na da. Annette Carson, wata 'yar Birtaniya mazauniyar Afirka ta Kudu, ta kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ta faɗi a 2010.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Ƙonni sun riga mu sanin wannan dabara. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon mazan jiyan da suka yi mata yaƙi daga ƙasashen da ta mallaka. Sai a 2001 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta ba Amadu Diop na Senegal gaskiya, shi kuwa ya riga ya rasu. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai Janairun 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin sun riga sun rasu.

A gabashin Sakkwato fanshon da kowa ya yarda da shi gona ce da fadama da garke. Mai Jidda yakan aiko a saya masa fegin albasa a bakin Rima ko 'yan shanu a bai wa Bafillace kiwo, ya san abin da zai dawo ya tarar. Tun harin Tabanni na Yulin 2018, da ya kwararo da mutanen ƙauyuka zuwa Gandi suka cika makaranta, wannan lissafin ya rushe. An kore shanun, gonar nesa kuma ba ta nomuwa sai an biya 'yan bindiga. Dattijon da ya dawo da kuɗin sallamarsa yanzu yakan tsaya a Sakkwato ya kama hayar ɗaki, kuɗin da ya tara don gina gida a garinsu yana tafiya a haya wata bayan wata.